Muhawara: mu rubuta wa yara cewa annabci 300 ne suka cika a kan Yesu ko kada mu rubuta?

Malam Istifanus: Salama gareku iyaye da malaman makarantar Lahadi. Kamar yadda muka fara magana bayan sujada, saura Lahadi 4 Kirsimeti, to ga abinda na tsara. Yara zasu haddace annabci 12, uku kowace Lahadi, aya daga Tsohon Alkawari sai ayar da ta cika ta a Sabon Alkawari. Mika 5:2 da Matiyu 2, Ishaya 7:14 da Matiyu 1:23, Yusha'u 11:1 da Matiyu 2:15, Zakariya 9:9, Zabura 22, Ishaya 53 da sauransu. Zan kai a buga mana babbar fosta mu manna a bangon aji, a samanta a rubuta ANNABCI SAMA DA 300 SUN CIKA AKAN YESU ALMASIHU. Yaron da ya kawo 12 ɗin ba gargada ranar 25 ga wata a bashi kyauta gaban ikilisiya. Wanda yake da magana ya faɗa yanzu kafin in kai wa mai bugawa.

Maman Godiya: Sannu da ƙoƙari Malam, Allah shi ƙara ƙarfi. Amma ajina fa 'yan shekara 4 zuwa 6 na, wasunsu ko sunansu basu iya rubutawa, Yahaya 3:16 wata guda munka yi muna ja kamin ta zauna. 12 ta yi masu yawa gaskiya.

Malama Rifkatu: Malam ina wuni. Ni ba yawan ayoyin ne ya dame ni ba, rubutun saman fostar ne. 300 ɗin nan waye ya ƙirga? Tun ina yarinya nake jin ta a wa'azi, wani yace 300 wani yace 333 wani yace sun haura 400, kuma ba aya ko ɗaya cikin Littafi Mai Tsarki da ta ba da adadi. In yaro ya ɗaga hannu yace Malama nuna mana su, me zan buɗe mishi? Ni abinda bazan iya nuna wa yaro da yatsa ba bana son manna shi a bango.

Malam Istifanus: Haba Malama, wannan ai sananniyar magana ce, manyan masana tauhidi ne suka ƙirga ba ni ba. Kuma amfanin adadin shine yaro ya gane ba dace bane. Abu ɗaya ko biyu za a iya cewa an yi katari, amma ɗaruruwa? Mutum baya zaɓar garin da za a haife shi. Mika ya ambaci Baitalami shekara wajen 700 kafin haihuwar, har lokacin da Hirudus ya tara manyan firistoci da malaman Attaura ya tambaye su ina za a haifi Almasihu basu yi wata-wata ba suka ce Baitalami ta Yahudiya. Wannan nake son ya shiga kan yaranmu tun yanzu.

Baba Dattijo: 'Ya'yana ina biye da ku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa tun yana ɗan ƙaramin yaro ya san Littattafai masu tsarki, to waɗanne littattafai ne a lokacin? Attaura ce da Zabura da annabawa, su kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki suka saka masa a baki. Mu da muka taso da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 haka aka yi mana, ka haddace ko ka gane ko baka gane ba, ganewa tana zuwa daga baya. Yau ina da jikoki amma Ishaya 53 tana kaina, kuma ita ce ta riƙe ni ranar da na binne ɗana. Kada mu raina kan yara.

Malama Rifkatu: Baba Allah ya ƙara maka lafiya, ban ƙi hadda ba ko kaɗan, Ishaya 53 ma ni zan fara sa 'yan ajina su haddace. Tsorona shine mu basu guntun aya mu ɓoye abin da ke gabanta da bayanta, ran da wani ya buɗe musu sauran sai su ɗauka ƙarya muka yi musu.

Bulus ɗan Mabera: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, don abin da Anti Rifkatu ka faɗi ni ya faru da ni. Irin wannan jerin anka koya muna muna yara, na haddace shi tsaf har kyauta na ci. Da na shiga jami'a akwai wani abokina, ɗan gidan Kirista na shi ma amma ya bar zuwa coci, wata rana muna hira na kawo mashi Yusha'u 11:1 cewa daga Masar na kira ɗana, sai yac ce in karanta ayar tun daga farkonta. Farkonta cewa ta yi sa'ad da Isra'ila ke yaro na ƙaunace shi. Yac ce in ci gaba aya ta 2, nan kuma cewa anka yi ana ta kiransu suna ta nisa, suna yi ma gumakan Ba'al hadaya. Yac ce to Yesun naku na ya yi ma Ba'al hadaya? Ba ni da amsa. Kwana da kwanaki ban iya addu'a ba, ina ta tunanin mi kuma anka ɓoye man. Ba wai bangaskiyata ta tafi ba amma ta girgiza ƙwarai, kuma ba wanda ya taɓa shirya ni ma wannan tambaya.

Malam Istifanus: To Bulus kenan kana cewa Matiyu yayi kuskure? Don ba ni na haɗa Yusha'u da Yesu ba, Matiyu ne ya rubuta cewa an kai yaron Masar domin a cika abinda Ubangiji ya faɗa ta bakin annabi. In mun fara cire wannan gobe mu cire wancan, a ina zamu tsaya? Wannan ita ce hanyar da shakka ke shigowa ikilisiya, da sunan ilimi.

Bulus ɗan Mabera: A'a Malam ban ce Matiyu ya yi kuskure ba, Allah shi kiyaye. Cewa na yi mu munka koyar da shi rabi.

Malama Rifkatu: Malam don Allah kada a mayar da tambaya ta zama rashin bangaskiya. Ɗauki Ishaya 7:14 da duk muke ƙauna. Sura ta 7 labarin sarki Ahaz ne na Yahuza, sarakuna biyu sun haɗa kai sun taso masa, Rezin na Suriya da Feka na Isra'ila, zuciyarsa da ta mutanensa tana kaɗawa don tsoro. Allah ya aiko Ishaya yace nemi alama, Ahaz ya ƙi, shine aka bashi alamar Immanuwel, kuma aya ta 16 ta ce kafin yaron ya san ƙin mugunta da zaɓen nagarta ƙasar sarakunan nan biyu zata zama kango. Haka kuwa aka yi, Assuriyawa suka ci Dimashƙu a 732 kafin haihuwar Almasihu. Kenan maganar ta yi wa Ahaz aiki a zamaninsa, sannan Matiyu ya nuna mana cikarta ta gaske a kan Yesu da Maryamu. Wanne ya fi wa yaro daɗin ji kuma ya fi zama a kansa, labarin sarkin da tsoro ya kama aka ce masa Allah na tare da ku, ko lamba 7:14 a kan fosta? Yaranmu na garin nan Sakkwato sun san tsoro, labarin Ahaz zai shige su.

Maman Godiya: Wannan labarin kam ko 'yan ajina za su saurara, in dai akwai sarki da yaƙi a ciki shiru kake ji.

Anti Saratu: Ni dai uwa ce ba malama ba amma bari in faɗi nawa. Muna zaune a Arkilla, gidan haya ne, maƙwabtanmu duka Musulmi ne kuma muna zaman lafiya, da Sallah su aiko mana nama da Kirsimeti mu aika musu shinkafa. Yarana tare suke wasa da nasu daga safe har magariba. Duk abinda kuka saka a bakin yaro ranar Lahadi, Litinin yana bakin famfo yana maimaitawa. In kuka koya masa abin a matsayin makamin cin gardama zai je ya gwada shi, kuma kowa a gurup ɗin nan ya san abinda ya faru a garin nan a watan Mayu na 2022, bana son in faɗa. Ku koya musu Mai Cetonsu, amma ku haɗa da koya musu inda ake magana da inda ake kama baki.

Malam Istifanus: Anti na fahimce ki kuma nima uba ne. Amma tsoro ba zai sa mu bar yaranmu hannu rabbana ba. Abokansu tun suna shekara 5 suna makarantar allo, kafin su kai 12 wasu sun sauke, sun san abinda suka gaskata kuma suna faɗinsa ba kunya. Namu kuma sai waƙa da tafi da biskit. Yarona na aji 5 ya dawo ya ce min abokinsa yace an ambaci Annabinsu a Maimaitawar Shari'a 18:18, annabi kamar Musa. Da bai san cewa Bitrus ya ɗauki wannan ayar ya ɗora a kan Yesu a Ayyukan Manzanni sura 3 ba da me zai riƙe a zuciyarsa? Ban ce yaje yayi musu ba, amma ya sani.

Anti Saratu: Ya sani ɗin na yarda dashi. Musun ne bana so.

Fasto: Salama. Yanzu na dawo daga ziyarar asibiti na tarar da saƙonni sun taru, na karanta duka tun daga sama. Baba barka da yamma. Na ji daɗi da aka yi wannan magana a fili kafin a buga komai.

Maganar adadi tukuna. Gaskiyar Malama Rifkatu, Littafi bai ba da lamba ba, mutane ne suka ƙirga kuma kowa da ma'aunin da ya ɗauka. Akwai wani masani Alfred Edersheim, Bayahude ne da ya karɓi Almasihu, a littafinsa na 1883 ya jera wurare 456 na Tsohon Alkawari da tsoffin malaman Yahudawa suka danganta da Almasihu ko zamaninsa. Wasu kuma in suka tsaya kan waɗanda suka fito ƙarara sai su samu 'yan gomomi. Bambancin yana zuwa ne daga me kake kira annabci. Akwai wanda annabi ya hango gaba kai tsaye, kamar Mika da Baitalami, ko Zakariya 9:9 da sarkin da zai shigo Urushalima a kan jaki cikin tawali'u. Akwai kuma wanda abu ne da ya faru da Isra'ila ko Dawuda, sai Yesu ya zo ya sake bin sawun ya kai shi ƙarshe. Yusha'u 11:1 na wannan kashin ne, kuma Bulus ɗana ga amsar da ya kamata a ce an baka tun kana yaro. Allah ya kira Isra'ila ɗansa, ya fito da shi daga Masar, ya ratsa da shi ta ruwa, ya kai shi jeji shekara 40, a can ɗan ya yi ta faɗuwa. Yanzu bi Matiyu daga sura 2 zuwa 4. Yesu ya fito daga Masar, ya shiga ruwan Urdun, ya shiga jeji kwana 40, Shaiɗan ya gwada shi sau 3 kuma duk amsoshinsa daga Maimaitawar Shari'a ya ɗauko su, littafin da ke tuna wa Isra'ila zamansu na jeji. Inda ɗan farko ya faɗi nan wannan Ɗan ya tsaya. Matiyu ya san aya ta 2 sarai, saboda ita ma ya kawo ta 1. Abokinka ya karanta daidai, bai dai kai ƙarshen zancen ba.

Bulus ɗan Mabera: Kai Fasto. Da wannan anka gaya man tun farko da ban sha wahalar da na sha ba. Yau zan sake karanta surorin nan.

Baba Dattijo: Fasto ka yi bayani mai kyau amma wannan abincin manya ne. Ɗan shekara 7 zaka tsaya kana raba masa annabci kashi biyu?

Fasto: Baba ba sai an ce masa kashi biyu ba, a bashi labarin kawai, yara sun fi mu riƙe labari. Ubangiji da kansa haka ya yi a hanyar Imuwasu, Luka 24, bai ba Kiliyobas da abokinsa lamba ba, ya fara daga Musa ya bi annabawa yana buɗe musu har suka ce zuciyarsu ta yi ta kuna a hanya. Filibus ma da ya tarar da mutumin Habasha a karusa yana karanta Ishaya 53, mutumin tambaya yayi, annabin nan kansa yake nufi ko wani? Filibus bai tsawata masa ba, daga tambayar ya fara. Ina son ajinmu ya zama wurin da yaro zai yi irin wannan tambayar a gabanmu kafin wani ya yi masa ita a waje.

Malam Istifanus: Fasto da girmamawa, na karɓi bayanin Yusha'u. Amma akwai abinda nake son a ƙara wa manyan aji ko da an taɓa sauran. Ana yawan ce wa yaranmu an canza Littafi, wai Kiristoci ne suka zauna daga baya suka rubuta Ishaya 53 don ta dace da gicciye. A 1947 makiyaya suka samu tsoffin naɗaɗɗun littattafai cikin tuluna a kogwannin Kumran kusa da Tekun Gishiri, a cikinsu akwai littafin Ishaya duka surori 66 ɗin nan, kuma masana sun ce an rubuta kwafin sama da shekara 100 kafin haihuwar Yesu. Sura 53 tana ciki, wanda aka soke saboda laifofinmu, aka kai shi kamar ɗan rago wurin yanka bai buɗe baki ba. Yana nan a ajiye a Urushalima har yau. Wannan ba hujja bace?

Malama Rifkatu: Hujja ce babba Malam kuma ni zan nemo hotonsa in nuna wa 'yan ajina, wannan abu ne da zan iya nunawa da yatsa. Amma mu faɗa musu iyakar abinda ta tabbatar, wato rubutun ya riga Yesu zuwa. Waye bawan da ake magana a kai, nan ne aka rabu. Yahudawa da littafin yake hannunsu tun kafin mu, da yawansu suna karanta shi a kan al'ummar Isra'ila ne, suna kafa hujja da Ishaya 49:3 inda aka kira bawan da sunan Isra'ila. Mu kuma muna cewa bawan nan bashi da laifi kuma laifin mutanensa ya ɗauka, to yaya Isra'ila zata ɗauki laifin Isra'ila. Ɗan sakandare ya kamata ya ji duka biyun daga bakinmu, ya ji kuma dalilin da yasa muka tsaya inda muka tsaya.

Baba Dattijo: Nan kam ban yarda ba 'yata. Makarantar Lahadi ba wurin koyar da abinda wasu suka ƙi gaskatawa bane. Minti 40 gare ku a sati, ku cika shi da gaskiya.

Malama Rifkatu: Baba waya tana hannunsu, abinda bamu faɗa a minti 40 ba TikTok zai faɗa musu a minti 1 kuma ba da ƙauna ba.

Anti Saratu: Wannan gaskiya ne. Babbar 'yata ta riga ta zo min da tambayar gicciye, ƙawarta ta ce mata su ma sun yarda Isa Almasihu ne ɗan Maryama kuma budurwa ce ta haife shi amma ba a kashe shi ba ba a gicciye shi ba, haka yake a Alƙur'ani. Na ce mata eh haka suka gaskata, mu kuma ga abinda muka gaskata, ki riƙe naki ki girmama ƙawarki. Amma da ta ce Mama to me yasa dole sai ya mutu, nan na so a ce malamanta sun riga sun zauna da ita a kan Ishaya 53.

Fasto: To ga shawarata, ba umarni bane, dattawa zasu duba ranar Laraba bayan addu'a. Ajin Maman Godiya su tsaya kan alkawari ɗaya, Allah ya ce zai aiko Mai Ceto kuma ya aiko, a basu Mika 5:2 da labarin tsoho Saminu da Hannatu da suka yi ta jira a Haikali har suka ga jaririn da idonsu. 'Yan firamare manya su ɗauki 4, aya ɗaya kowace Lahadi tare da labarinta cikakke, Ahaz, Baitalami, jakin Zakariya, sai Ishaya 53. 'Yan sakandare a ƙara musu Yusha'u da maganar Kumran, a bar ƙofar tambaya a buɗe, kuma kowane aji a karanta musu 1 Bitrus 3:15, a ba da amsa amma da tawali'u da ladabi. Fosta kuma ni da za a bi tawa a rubuta ALLAH YA YI ALKAWARI, YA KUMA CIKA.

Maman Godiya: Ni wanga ya yi man daidai. Sai dai a taimaka muna da hotunan da za su yi ma kala, kuma tabarmin ajinmu sun mutu ga sanyi ya shigo.

Baba Dattijo: Hadda dai kada a rage ta. In 4 ne to su zauna daram, kuma Ishaya 53 daga aya 3 zuwa 7 ba guntu ba. Maganar ra'ayin Yahudawa zan kawo ta gaban dattawa, har yanzu ban gamsu ba.

Malam Istifanus: Na ji Fasto, zan dakatar da mai bugawa zuwa Laraba. Amma ban janye 300 ba, ina da jerin a wani littafi da na saya tun ina makarantar Baibul, sun ma fi haka. Malama Rifkatu ranar Asabar ƙarfe 4 kafin rihazal ɗin wasan Kirsimeti zan zo dashi, ki zo da Littafinki mu bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsaya mu ƙirga wanda bai tsaya ba mu ajiye, adadin da muka samu shi za a rubuta.

Malama Rifkatu: Zan zo Malam, amma Asabar ɗaya bazata ishe mu ba don kowace aya sai mun karanta surarta gaba ɗaya. Bulus kai ma ka zo ka riƙe mana biro. Mu fara daga Farawa 3:15.